Haƙuri Ba Ya Toshe Yoyo: Martani Kan Rigimar Masu Gida Da Masu Rufi

Wani marubuci da nake ganin girmansa ya yi rubutu kwanan baya a kan rigimar da ke tashi duk damina tsakanin masu gida da waɗanda suka yi musu rufin kwano. Inda ya kafa hujjarsa shi ne, yawancin laifin na masu gida ne. A ganinsa mu ne muke matse kafinta a ciniki har ya karɓi aiki a kan kuɗin da ba za su isa ba, mu ne muke zaɓar kwano mai sauƙin kuɗi, sannan in ruwa ya zubo mu fito muna kumfar baki. Ya tuna mana cewa araha ba ta ado. Ya ce rubuta yarjejeniya da riƙe cikon kuɗi ɗabi'ar rashin yarda ce da ba mu gada ba, kai mai sana'a ƙara kuma zalunci ne ga talakan da ke neman abin kai wa bakin salati. Shawararsa ga wanda ɗakinsa ke yoyo ita ce ya yi haƙuri, ya lallaɓa mai aikin, in ya ƙi zuwa ya nemi wani ya gyara masa, ya bar wa Allah sauran.

Na san da kyakkyawar niyya Malam ya yi wannan rubutu, tausayin masu aikin hannu ne ya ja alƙalaminsa. Amma ban yarda da shi ba, kuma ina tsoron shawarar tasa za ta cutar da mutanen da ya fi kowa tausayinsu.

Malam ya ɗauki rufi kamar ɗinkin riga. Tela in ya ɓata maka ɗinki, a gabansa za ka saka, ka ga hannu ya ɗage ko wuya ya matse, ku yi magana nan take kafin ka zaro kuɗi. Rufi ba haka yake ba. Mai gida yana tsaye a ƙasa ne, ya ɗaga kai ya ga kwano yana walƙiya a rana, ya yi hamdala, ya biya. Galibi da rani ake yin aikin, a Janairu ko Fabrairu ko Maris, lokacin da ko ɗigon ruwa babu a sama. A Kano da Katsina da Zariya ruwa na sosai ba ya sauka sai wajen Yuni, marka kuwa sai Agusta. Kafin rufin ya fuskanci jarrabawarsa ta farko an yi wata huɗu ko biyar da sallamar mai aikin, an sa silin, an yi fenti, iyali sun tare. Duk abin da aka yi ba daidai ba yana can a ɓoye tsakanin kwano da silin, kuma mutum ɗaya ne ya san da shi tun ranar farko, wato wanda ya hau saman ya buga kusar.

Bari mu duba abubuwan da ke kawo yoyo da kwashewar rufi, mu ga nawa ne daga cikinsu rowar mai gida ke jawowa.

Kwanon da muke amfani da shi yana da tudu yana da kwari. Ruwa a kwarin yake bi ya gangara. Saboda haka ƙa'ida ita ce a buga kusa a kan tudu, inda ruwa ba ya kwanciya. Yaron da ke sauri, ko wanda ba a koya masa ba, yakan buga a kwari domin ya fi sauƙin shiga, daga nan kowace kusa ta zama ƙofar ruwa. Wani lokaci kusar ta kuskure katakon da ke ƙasa, sai a zare ta a sake bugawa gefe, a bar hudar farko a buɗe. Ina tambayar Malam: kusar da aka buga a tudu ta fi wadda aka buga a kwari tsada ne? Kuɗinsu ɗaya. Hankali da kulawa ne suka bambanta, kuma su ne ainihin abin da mai gida ya biya lada domin ya samu.

Haka maganar haɗin kwano. Inda falle ya haɗu da falle dole ɗaya ya hau kan ɗaya sosai, a gefe da kuma a tsaye, don kada iska ta tura ruwa ta ƙarƙashi. Wanda aka ba kuɗin bandir goma, kowane bandir falle 20, in ya rage hawan da ɗan kaɗan a kowane layi, zai rarar da fallaye masu yawa ya kai wani aikin. Daga ƙasa ba za ka gane ba. Haka katako. Yawancinsa daga kudu ake kawo shi, wani da sauran danshi a jikinsa. In aka kafa shi ɗanye, zafin Afrilu ya busar da shi a sama, sai ya murɗe, ya ja kusa, ya buɗe haɗi. In ba a shafa masa maganin gara ba, ko baƙin man nan da wasu ke shafawa, shekara kaɗan gara ta mai da shi gari. In aka faɗaɗa tazarar katako don a rage adadi, kwanon ya riƙa lotsawa yana tara ruwa.

Mafi hatsari shi ne ɗauri. Rufi ba nauyinsa ne ke riƙe shi a kan gini ba, ɗaurin da aka yi masa da langa-langa ko rodi a jikin bulo da kankare ne. Iskar farkon damina da ke zuwa da ƙura kafin ruwa, ita ce ke gwada wannan ɗauri. Duk shekara muna ganin unguwannin da aka wayi gari rufi ya tashi ɗungurungum ya faɗa gidan maƙwabta, kuma fallen kwano da ke yawo a iska yana yanka mutum, yana kisa. Za ka ga gidaje biyu a jere, iska ɗaya ta bi ta kansu, ɗaya ya tsaya ɗaya ya tafi. Mai aikin zai ce ikon Allah ne. Babu abin da ke faruwa sai da ikon Allah, amma a hau a duba ɗaurin gidajen biyu tukuna.

Sai rufin ɓoye da ake yayi yanzu, wanda ake kewaye kwanon da katanga ta yadda ba a hango shi daga waje. Yana da kyan gani, amma ba ya yafe kuskure. Gangararsa kaɗan ce, ruwan duka a kwata ɗaya ta kankare yake taruwa, ya fita ta bututu. In kwatar ta yi ƙanƙanta, ko ba a karkatar da ita wajen mafita ba, ko bututun ya yi siriri, ƙurar hunturu da leda su toshe shi, sai ruwa ya cika ya koma ta ƙarƙashin kwano ya sauka cikin ɗaki. Mai gida ne ya ce yana son irin wannan rufin, gaskiya ne. Amma wa ya san girman kwatar da za ta ɗauki ruwan Agusta? Malamin firamare da ya tara kuɗi ya yi gida, ko wanda ya shekara ashirin yana hawa rufi?

A nan ne nake ganin hujjar araha ta rushe. Na yarda akwai masu gidan da ke ciniki kamar za su cire wa mutum rai. Amma in kuɗin da aka taya ba za su yi aiki mai kyau ba, mai aikin ne ya sani, kuma yana da baki. Yana iya cewa, "Alhaji, wannan kuɗin ba zai sayi alminiyum mai kaurin 0.55 ba, sai dai 0.45, ga bambancinsu, ka zaɓa." Yana iya cewa, "Ni dai a kan wannan farashin ba zan iya ba, Allah ya haɗa kowa da rabonsa." In ya faɗi haka mai gida ya nace, to laifi ya koma kan mai gida, kuma ni ma zan tsaya tare da Malam a wannan. Abin da ake kuka da shi daban ne: a karɓi kuɗin mai kauri a kafa marar kauri, da sanin cewa ido ba ya rarrabe su sai da ma'auni. Wannan algus ne. Duk wanda ya zauna a gaban malamai ya ji labarin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tuhumi mai sayarwa kan dalilin da bai sa jiƙaƙƙen a sama ba inda mutane za su gani. Bai tuhumi masu saye da son araha ba. Malaman mazhabar Malikiyya da muke bi sun yi babi guda kan lamunin masu sana'a, hukuncin yana nan a Risala da ake karantawa a zaurukanmu, kuma dalilin da suka bayar shi ne maslahar jama'a: mutane ba su da makawa sai sun miƙa kayansu ga masu sana'a, in aka sake su babu lamuni dukiyar mutane za ta salwanta. Akwai bayanai da sharuɗɗa a cikin babin, amma babu malamin da ya ce wanda ya yi sakaci ko ha'inci a aikin da aka biya shi ya kuɓuta.

Maganar cewa rubutu ba gadonmu ba ne ita ta fi ba ni mamaki. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, ƙarami ne ko babba. Wanda ya karɓi kuɗin kafin alƙalami ya yi alkawarin aiki zuwa wani lokaci, akwai nauyi a wuyansa da ya cancanci a rubuta. Ban ga yadda abin da aka umarci Sahabbai da shi a tsakaninsu zai zama cin fuska ga kafinta ba.

Na fahimci abin da Malam ke kewa. Yana tuna zamanin da ake gini da yarda, kuma gaskiya ne an yi wannan zamani. Sai dai yardar tana da abin da ke tallafe da ita. Maginin da ya ɗora maka azara ya yi maka soro ɗan unguwarku ne, ka san gidan ubansa, a masallaci ɗaya kuke salla. Rufin ƙasa kuma yana bukatar yaɓe kafin kowace damina, da makuba ko katsi, saboda haka duk shekara sai ya dawo ya ga aikin hannunsa, in ya yi ha'inci shi zai sha kunya. A sama da shi akwai Sarkin Magina da za a iya kai wa kuka. Sana'ar tana da martabar da har yau ake ambaton Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, mutane na zuwa daga nesa su kalli bakan gizon da ya ɗaura. Yau fa? Wanda ke gini a sababbin unguwannin bayan gari, mai rufinsa lambar waya ce da magini ya ba shi, ko wani da ya gani a saman gidan maƙwabci ya kira shi. Bai san unguwarsa ba, bai san maigidan da ya koya masa aiki ba, wani lokaci ko cikakken sunansa bai sani ba. Kwano kuma sau ɗaya ake bugawa a tafi. Duk abin da ke tsare yardar da can ya kau, sai Malam ya ce a riƙe yardar ita kaɗai, a kuma ƙi takardar da za ta maye gurbin abin da ya kau.

Abin da rubutun Malam bai taɓa ba ko kaɗan shi ne shirun mai aiki, kuma a wurina ya fi yoyon kansa ciwo.

Yayata, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara, ta ƙarasa ɗan gidan da ya fara da kuɗin gado da na adashi. An yi mata rufi da rani, an yi silin na POP, ta tare kafin azumi. Da ruwa ya kankama sai tabo ya fito a silin na ɗakin yara, ruwan ƙasa-ƙasa, yana faɗi duk bayan ruwa. Ta kira mai aikin. Ya ce, "Haba Hajiya, kada ki damu, sabon kwano ne, sai ya sha ruwa yake zama." Ta sake kira bayan an fara tara roba a ƙasa, ya ce, "Ina hanya, Hajiya." Bai zo ba. Daga baya ya ce yana wani aiki a Abuja, da ya dawo zai leƙo. Daga nan waya ta riƙa ringin ba a ɗauka, sannan ta koma a kashe. Da na je, na sa tsani na leƙa ta ƙofar silin da tsakar rana, na kashe fitilar hannuna. Cikin duhun nan sai ga haske yana shigowa ta ƙananan huji a jere, layi guda, daidai inda aka buga kusoshi suka kuskure katako aka zare. A gefe ɗaya haɗin fallaye biyu ya buɗe har yatsana yana shiga. Katakon da ke ƙarƙashinsa ya yi baƙi, yana warin danshi, ga wayar lantarki kwance a kansa. Wani kafinta da muka kira ya duba ya ce gyaran kwanon aikin yini ɗaya ne da an zo tun farko. Amma a lokacin silin ya riga ya sha ruwa ya fara rufta, sai an sauke shi, an sake waya, an sake fenti.

Abin da shiru ke yi ke nan. Ɓarnar ruwa ba ta jiran kowa, kowane ruwan sama ƙara ta yake yi. Da mutumin ya ce, "Hajiya, gaskiya ba zan samu zuwa ba sai bayan sati biyu," da ta sayi tamfol an shimfiɗa, ta kwashe katifu, ta kashe wutar ɗakin, ko ta nemi wani tun da wuri. "Ina hanya" ita ce ta zaunar da ita tana jira har ƙaramin gyara ya zama babba. Kuma ina da yaƙinin da namiji mai faɗa a ji ne ya kira shi, da ba a yi masa wannan jan rai ba. Zawarawa da matan da mazajensu ke nesa wajen nema su suka fi shan wannan wulaƙanci, domin an san ba za su hau rufi ba, kuma kunya za ta hana su ɗaga murya.

Duk wanda ya san harkar ya san dalilin ɓuyan. Mai aiki yakan karɓi aiki uku a lokaci guda. Kuɗin kafin alƙalamin na biyu ya shiga cike giɓin na farko, na uku ya shiga na biyu. Shi kansa ba ya tsayawa a ko ɗaya, yara yake turawa, wasunsu ba su gama koyo ba. In aka kira shi gyara, babu kuɗi a cikin gyaran, ga sabon aiki mai kuɗi yana jira, sai ya zaɓi kashe waya. Na kuma san bayan da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, sannan aka saki Naira, farashin kwano da katako da kusa ya riƙa tashi ta yadda lissafin da aka yi a farkon wata ba ya kai ƙarshensa. Masu aiki da yawa sun yi asara ta gaskiya, ban musa ba. Amma maganin wannan shi ne ka kira mai gida ka ce kaya sun tashi, ga rasit, mu sake zama. Rage fallaye a ɓoye da guje wa kira ba ya cikin uzurin tsada.

To me ya kamata mai gida ya yi, in ba haƙurin da Malam ya ce ba?

Yawancin aikin kafin a buga kusa ta farko ne. A zauna a rubuta, ko da a takardar littafin makaranta ce, da Hausa, boko ko ajami: irin kwano da kaurinsa, bandir nawa, katako nawa da girmansa, za a shafa magani ko ba za a shafa ba, ladan aiki nawa, ranar farawa da ranar gamawa. Kowa ya sa hannu, wanda ya haɗa ku ya zama shaida. A raba kuɗin kaya da ladan aiki. In da hali a tafi kasuwar Ƙofar Ruwa ko 'Yan Katako tare a sayo, a ƙirga kayan a gaban juna ranar da aka sauke. A biya ta banki domin alama ta zauna. Kada a ba da ladan duka a farko: wani kaso in za a fara, wani in an gama kafa katako, wani in an rufe. Tsakanin kafa katako da rufewa akwai rana guda mai daraja, ranar da komai yake a fili, ɗauri da tazara da ingancin katako. A ranar a samu wanda ya san aiki, ko da za a biya shi ɗan wani abu, ya hau ya duba. Haka kuma kafin a sa silin a shiga ɗaki da rana a ɗaga kai, duk inda haske ya shigo ruwa ma zai shigo.

Sai cikon da Malam ya ƙi jini. A manyan kwangilolin gini na gwamnati da na kamfanoni, abin da aka saba shi ne a riƙe wani kaso, galibi 5 cikin 100, har tsawon wasu watanni bayan miƙa aiki, domin in aibi ya fito ɗan kwangila ya dawo ya gyara kafin ya karɓa. Manyan 'yan kwangila masu injiniyoyi sun yarda da wannan ba su ce an zarge su ba. Me ya sa ma'aikatar da ke da lauyoyi za ta samu wannan kariya, bazawarar da ba ta da kowa a ce mata rashin yarda ne? A yi sharaɗi tun farko cewa ɗan wani kaso na lada zai zauna har a ga ruwan Agusta. Na san za a kawo hadisin biyan ma'aikaci kafin guminsa ya bushe. Hadisin yana hana jinkirta haƙƙin da ya wajaba ne. Abin da aka yi yarjejeniya a kansa da yardar juna tun kafin a fara, cewa lokacin biyansa bayan ruwa ne, ba a jinkirta shi ba, lokacinsa ne bai yi ba. Kuma mafi yawan ladan ya riga ya shiga hannun mai aikin.

In yoyo ya riga ya fito, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sani kaɗai ba ya zama hujja. A ɗauki hoto da bidiyo lokacin da ruwan ke zuba. A daina dogara da kira kaɗai, a tura saƙo a rubuce ko na murya ta WhatsApp, cikin ladabi, a faɗi abin da ya faru, a sa ranar da ake so ya zo. A sanar da wanda ya haɗa ku. In za a kira wani kafinta ya duba, ya duba ya faɗi abin da ya gani, amma kada ya taɓa aikin sai an ba na farko dama, domin da zarar hannu na biyu ya shiga, na farkon zai ce ba aikinsa ba ne ya lalace. In ranar ta wuce bai zo ba, akwai shugabannin ƙungiyar kafintoci na yankin, akwai mai unguwa, akwai Hisba da ke sulhu a irin waɗannan rigingimu kullum. Yawancin magana a nan take mutuwa, domin mai sana'a ya fi tsoron zubewar suna a gaban abokan sana'arsa fiye da komai. In duk wannan ya ci tura, Kano tana da hukumar kare haƙƙin masu saye, tarayya ma tana da tata, wato FCCPC, kuma tun 2019 jihar ta buɗe kotunan ƙananan da'awa, waɗanda aka tsara don mutum ya shigar da ƙara da kansa ba sai da lauya ba, a gama cikin kimanin kwana 60, a kan kuɗin da a lokacin kafa su bai wuce Naira miliyan 5 ba.

Akwai wuri ɗaya da nake tare da Malam ɗari bisa ɗari, har ma na fi shi zafi. Mai gidan da ke ɗauko 'yan sanda su kulle kafinta saboda yoyo azzalumi ne, kuma ya karya doka. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 duk sun hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai. Haka mai kuɗin da za a gama masa aiki lafiya lau ya riƙa cewa "ka dawo gobe" har mai aikin ya gaji ya bari. Waɗannan suna nan da yawa, kuma kafintoci suna da labaransu masu ɗaci. Amma Malam ya lura, takardar da yake ƙi ita ce makamin kafinta a kan irin waɗannan mutane. Wanda ba shi da rubutu ba shi da abin nunawa a gaban mai unguwa ko alƙali in babban mutum ya ce ya gama biya.

Sannan a tambayi wa haƙurin nan yake amfana. Kafintan kirki ya zo ya yi lissafin gaskiya, ya sa katakon da ya isa, ya sa hawan da ya dace, kuɗinsa ya fito da yawa. Wani ya zo ya faɗi ƙasa da haka, domin ya san inda zai rage. Mai gida ya ba na biyun. In rufin ya yi yoyo aka yi shiru aka nemi wani ya gyara, na biyun ya ci riba, sunansa bai taɓu ba, gobe ya sake kayar da na kirkin a wani gidan. A haka masu gaskiya ke rasa aiki, ko su ma su koyi ragewa don su rayu. Yaran da ke koyo a ƙarƙashinsu kuma su tashi da sanin cewa haka ake yi. Shi kuma mai gidan da aka ce ya nemi wani, an sa shi biya sau biyu ke nan. Malam ya kira mai aikin talaka, kuma sau da yawa haka ne. Amma ma'aikacin asibiti ko ɗan kasuwar tebur da ya shekara bakwai yana ɗora bulo ɗaya-ɗaya shi ma talaka ne, kuma rufin nan shi ne kuɗi mafi yawa da ya taɓa kashewa a dunƙule.

Yafiya tana da wurinta, ban hana kowa ba. In mai aiki ya zo ya hau ya duba ya ce, "Yallaɓai, kuskuren yarana ne, zan gyara, amma ka taimaka da kuɗin kusa," mai gidan da ya yafe masa ɓarnar silin ya yi abin yabo. Wannan yafiya ce bayan an san gaskiya, mai haƙƙi ya bar haƙƙinsa da zaɓinsa. Wanda aka kashe wa waya ba a ba shi wannan zaɓin ba.

Da Malam zai karkata alƙalaminsa wajen ƙungiyoyin masu sana'ar, da ya fi amfani. Suna da shugabanni, suna karɓar kuɗin ƙungiya, suna taro. Su fitar da takardar yarjejeniya mai shafi ɗaya da Hausa wadda kowane ɗan ƙungiya zai riƙa zuwa da ita wurin ciniki, da gurbin kaurin kwano da adadin kaya da ranar gamawa da kason da zai jira damina. Su ba kowane ɗan ƙungiya katin shaida mai lambar shugaban yanki, wanda mai gida zai kira in wayar mai aikin ta mutu. Su sa wa kansu ƙa'idar cewa duk wanda aka kira kan yoyo a aikinsa zai je ya duba cikin kwana uku, ko ya turo wani a madadinsa, wanda ya ƙi kuma ƙungiya ta san matakin da za ta ɗauka a kansa kafin magana ta kai gaban hukuma.